A Gidan Maeng Ba a Koyon Gudu

Ni ce wadda ta tsaya a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukumarmu da lasifika har muryata ta dishe, ina neman a saya wa masu kashe wutar daji kayan aiki na kirki, a kuma ba su horo. Na faɗi haka tun daga farko don kada wani ya zaci mai ba da labarin nan ba ta da baki. Ina da shi, kuma kowa a garinmu ya san da haka. Sai dai bakin nawa na waje ne.

Bana majalisa ta amince. Aka ware kuɗi, aka sayo kaya, aka sa ranar horo. Ƙungiyarmu ta matasa ta yi walima, na yi jawabi kan sauyin yanayi, kan yadda ƙanƙara ta daina sauka a duwatsunmu har ganye ya bushe ƙamas tun kafin bazara. Aka yi mini tafi. Na hau mota na tafi ƙauye don in ga nasarata a jikin mutum, domin Baffa Chilbok, ƙanin mahaifina, yana cikin rundunar kashe wutar da ake ɗauka duk shekara daga ƙarshen sanyi zuwa saukar ruwa. Yawancinsu tsofaffin manoma ne. Shi ya haura sittin, bai taɓa aure ba, yana kwana a ɗakin da ke manne da rumbun tuffa, kuma tun yana saurayi yake yi wa Baba aiki a gona.

Na tarar da shi a tsakar gida sanye da kayan gaba ɗaya: riga da wando da wuta ba ta saurin kamawa, hular kwano, takalma masu kauri, safar hannu, da takunkumi mai matatar hayaƙi. Yana ta juyi kamar ango.

"Farfesa ta iso!" in ji shi ta cikin takunkumin. "Duba aikin lasifikarki. Yanzu ko zawarawan kasuwa sai sun waiwayo."

"Za su waiwayo, Baffa, tunda fuskar a rufe take."

Ya cire takunkumin yana dariya. Baba ya fito daga rumbu, ya karɓa, ya jujjuya shi, ya kara a hancinsa ya shaƙa.

"Wannan ai na feshi ne," in ji shi. "Nawa ya tsage tun bara. Ara mini zuwa in gama da gonar sama."

"Ɗauka mana, Yaya."

Sai Baba ya dubi takalman. Ƙafarsu ɗaya, tun suna yara.

A wajen cin abinci na gyara zama, na tattaro duk abin da na sani. Na ce, "Baba, kayan nan fa na hukuma ne, don aikin wuta aka ba shi."

"Wutar ta zo?"

"A'a, amma..."

"To ranar da ta zo sai ya ɗauka. A waje na ce zan kai su? Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya."

Mama ta turo mini kwano. "Ci, Sejin, miyar za ta huce."

Na ci. Ni da na taɓa katse shugaban majalisa a tsakiyar jawabinsa, miyar kabeji ta rufe mini baki.

Maganar horon ta zo bayan 'yan kwanaki. Mako guda za su yi a cibiyar horo, a can birni. Baba ya tambaye ni abin da ake koyarwa, ni kuwa na ɗauka dama ce ta samu. Na shiga zayyano masa: yadda ake lura da iska, yadda mutum zai san hanyar fitarsa kafin ya tunkari wuta, yadda ba a tsayawa a saman gangare wuta tana ƙasa, da kuma cewa idan shugaba ta ce a janye, ko me ke hannunka ka yar ka bi layi.

Baba ya ajiye kofinsa. "Wato gudu za a koya masa."

"Janyewa, Baba."

"Ke 'yar boko, ni ma na san bambancin gaba da baya. Kin san dalilin da na sa sunansa a rundunar nan? Don gidanmu na Maeng ya samu mutum mai famfon kashe wuta a bayansa. Kakanki da kakarki suna kwance a dutsen can, da iyayensu, da iyayen iyayensu. Ranar da wuta ta hau, motar hukuma ba za ta bar gidajen mutane ta je ta tsare kabari ba. Sai namu. Yanzu kina so a kai shi birni a cusa masa cewa ya yar da famfo ya arce? A gidan nan ba a koyon wannan."

"To kai me zai hana ka hau?"

Wannan a zuciyata na faɗe shi. Abin da ya fito a fili shi ne, "Bari in ƙaro ruwan zafi."

Shugabar rundunar da kanta ta zo ɗaukarsa ranar tafiya. Sunanta Yeom Gilja, mace gajera mai murya kamar ta direban babbar mota. Baba ya tarbe ta da fara'a, ya sa na kawo shayi da yankakken tuffa.

"Shugaba, ki yi haƙuri. Bayansa ne ya riƙe. Ba zai iya zaman mota ba."

Ta leƙa ta bayan Baba. Baffa yana saman tsani yana datse rassa.

"Mai ciwon baya a kan tsani? Malam Chilbok! Sauko mu tafi, kowa yana mota."

Baffa ya sauko a hankali, ya dubi yayansa, ya dafa ƙugu da hannun da ba ya riƙe da almakashi.

"E, Shugaba. Bayan ne."

"Kai dai ka ji kunya. Da gemunka fari." Ta juyo kaina. "Ke ba ke ce mai lasifika ba? Ba ki da abin cewa?"

Ina riƙe da faranti da hannu biyu. Na ce mata ta ƙara tuffa. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa karen da ya cika haushi a titi ya zo gida ya shige ƙarƙashin gado, ta tafi.

Bazarar ta zo babu ɗigon ruwa. Itatuwanmu masu ƙaro suka bushe har in ka taka ganyensu sai ka ji kamar kana taka gilashi. Kusan kullum sai an samu ƙaramar wuta: tsohuwa ta ƙona ciyawar kunya duk da hanin hukuma, wani ya yar da guntun sigari a bakin hanya. Baffa yana fita da rigarsa sabuwa, amma a ƙafarsa takalman roba ne na gona, a hancinsa kuma tsohon tawul. Duk ranar da aka kira shi, sai a tarar Baba ya riga ya tafi gonar sama da takunkumi da takalma.

"Da na sani ai da na bar masa," in ji Baba kowane lokaci. "Wutar ba ta aiko da sanarwa."

Kafin ya fita sintiri kuma, sai ya hau dutse da manjagara ya share ganye a kewayen kaburbura, domin Baba ya ce a yi musu fili mai faɗi. In ya dawo da yamma, gona tana jiransa. Ya fara tari. Da fari busasshe, daga baya yana tofar da baƙi. Ya daina gama shinkafarsa. Wandon hukumar da ya zauna masa daidai ya koma sai da igiya.

"Tarin sigari ne," in ji Baba.

"Ya daina sha tun ina makarantar sakandare."

"Shi ne yake fita yanzu. A hankali yake fita."

Mama ta dafa masa zuma da citta. Ta ce mini a kicin, murya ƙasa-ƙasa, "Kar ki shiga tsakanin wa da ƙani. Babanki ne ya riƙe shi tun mutuwar iyayensu. Wa ya ba shi ɗaki? Wa yake ba shi abinci?"

"Mama, wa yake noma abincin?"

"Ke dai bakinki. Miƙo mini murfin can."

Sai na yi abin da jarumai irina suke yi: na saci hanya. Na shiga rumbu lokacin da Baba ya tafi taron manoma, na ɗauko takunkumin, na cusa a akwatin babur ɗin Baffa. Warin maganin feshi yake yi har idona ya kawo ruwa. Da yamma na gan shi a rataye a ƙusarsa ta rumbu. Baffa ne ya mayar.

Na same shi a bayan gida yana zaune a kan akwatin tuffa, yana wanke ƙafa. Na zauna kusa da shi na buɗe wayata, na ce tunda bai je horo ba, ni zan koya masa. Na nuna masa zane, ga wuta, ga iska, ga kibiyoyi. Ya kalla da ladabi, kamar yadda ake kallon zanen yaro.

"Kin iya, Farfesa."

"Baffa, ba yabo nake nema ba. In wuta ta zo, kar ka hau dutsen nan kai kaɗai. Ka yi mini alkawari."

Ya daɗe yana cuɗa ƙafarsa.

"Kin san wani abu? Tsoronta nake ji. Kullum. Ko ƙaramar nan ta bakin kunya, in ta yi wannan ƙarar, ji nake kamar in ruga. Waɗanda suka je birni sun dawo suna wata magana da ban gane ba, su ce kaza su juya gaba ɗaya, ni sai dai in bi bayan mutum." Ya yi tari, ya goge baki. "Amma in Yaya ya kira sunana, ƙafata ce take amsawa, ba ni ba. Tun ina ɗan ƙarami."

"Zan yi masa magana."

"Yi mana," in ji shi, ya yi murmushi. "Ki zo da lasifikar."

Ranar da babbar ta zo, iska ta tashi tun da hantsi, irin wadda take ɗaga rufin kwano. Kafin tsakar rana wayoyinmu duka suka ɗauki kuka, saƙon hukuma ne cewa kowa ya bar ƙauye. Sama ta koma ruwan ƙasa. Garwashi yana tsallake kwari guda yana sauka a wani dutsen. An tura rundunar su Baffa ƙauyen ƙasa, su taya fitar da mutanen gidan kula da tsofaffi.

Muna cikin a-kori-kurar Baba, shi yana tuƙi, Mama a tsakiya rungume da tukunyar shinkafa, ni a bakin taga. A kwanar gada Baba ya hango hayaƙi a bayan dutsenmu. Ya taka birki ya ciro waya. A ƙafarsa takalman nan ne masu kauri.

"Chilbok! Wuta ta hau ta baya. Kaburburan Baba da Inna suna can su kaɗai. Kana jina? Bar mutanen nan, suna da masu yi musu. Ɗauki famfonka."

"Baba, ba ni wayar!"

A karon farko muryata ta fito yadda take fita a gaban sakatariya. Na miƙa hannu ta kan Mama na fizge wayar. Na kara a kunne ina kiran Baffa. Ya riga ya kashe. Na kira, na sake kira, tana ta ringin. Sai tawa ta yi ƙara, Shugaba Yeom ce.

"Ina mutuminku ya nufa? Ya hau babur ya bar layi! Na ce kowa ya janye zuwa bakin kogi, iska ta juya!"

Na gaya mata. Ta yi wata ashariya da ban taɓa ji daga bakin mace ba, ta kashe.

Ba a samu hawa dutsen ba sai da la'asar, bayan jiragen sama sun yi ta zuba ruwa. Shugaba Yeom ce ta gano shi, a cikin kwalbatin da ke ƙasan kaburbura, inda ya rarrafa ya cusa kansa. Yana da rai. Rigar hukuma ta tsare masa ƙirji da baya. Takalman roba sun narke a ƙafarsa. Tawul ɗin ya kama da wuta, ya cire shi da hannuwa, fatar hannayen ta tafi tare da shi. Hayaƙi ya ƙona masa maƙogwaro. Sauran 'yan rundunar, duk waɗanda suka je koyon gudu, sun kwana a gidajensu da ƙafafunsu, kuma sun fitar da tsofaffin nan ba wanda ya rasa ransa.

Ciyawar da ta lulluɓe kaburburan ta ƙone ƙurmus. Famfon goyo guda ba ya tare wutar da take tsallake kwari, kuma Baba ya san haka kamar yadda kowa ya sani.

Washegari da safe na dawo daga asibiti in ɗauki kayan sawa. Gidanmu bai ƙone ba. Na tarar da Baba a tsakar gida yana daddatsa karan shinkafa, ya tara buhu-buhu, don a hau a rufe baƙin kaburbura kafin kakanni su yi fushi. Idonsa jawur, da gani ya yi kuka.

"Ba za ka je ka gan shi ba?"

"Zan je. Shi yana da likitoci. Su waɗannan wa suke da shi?"

Muna cikin haka motar gidan talabijin ta tsaya a ƙofa. Sun ji labarin ɗan rundunar da ya ƙone. Wani matashi ya miƙa wa Baba makirufo. Baba ya cire hula, ya gyara tsayuwa.

"Ƙanina jarumi ne," in ji shi. "Gwamnati ce ta tura tsoho gaban wuta da takalmin roba, ba takunkumi, ba horo. Ga 'yata nan, ta daɗe tana faɗa. Ku tambaye ta."

Kalma bayan kalma jawabina ne. Ashe yana saurara duk lokacin nan. A aljihuna kuma waya tana ta motsi, 'yan ƙungiyarmu ne suna roƙon hoton ƙafar Baffa, sun ce da shi za mu samu ninkin kasafin baɗi. Kuma da gaskiyarsu, ana buƙatar ninkin. Abin da ake nema daga gare ni kawai in gyaɗa kai, Baba ya fita daga zargi, ƙungiya ta ci riba, ni kuma in fito a labaran yamma.

Matashin ya juyo da makirufon.

Na ce, "An ba shi takunkumi. Yana rataye a rumbun can, ku shiga ku shinshina. An ba shi takalmi, ku sauke kyamarar ku ga ƙafar da yake ciki. An kira shi horo, a tsakar gidan nan aka ce bayansa yana ciwo, ina tsaye da faranti. Shugabarsa ta ce a janye. Daga motarmu aka kira shi aka ce ya hau."

Mai kyamarar ya sauke ta ƙasa. Baba bai motsa ƙafarsa ba. Da suka tafi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ɗauki kayanki. Ke da shi duka, tunda kin zaɓa."

Ina so masu karatu su gane abin da ya sa nake rubuta wannan da zafi. A kowane kwari na yankinmu akwai gida mai irin Baffa Chilbok: ƙani ko ƙanwa marar aure, wanda aka ce an riƙe, alhali shi ne yake riƙe da gidan. Ba a dukansa, ba a zaginsa, a gaban baƙi ma ana yabonsa. Abin da aka ba shi na gida ne, lokacinsa na gida ne, tsoronsa kuwa nasa ne shi kaɗai. Za mu ci gaba da ihu a ƙofar hukuma, dole ne, domin wutar baɗi za ta fi ta bana. Amma hukuma iyakarta ƙofar gida. Daga nan zuwa ciki sai wanda yake cin abinci a teburin, kuma mu masu digiri mun fi kowa iya tauna a lokacin da ya kamata a yi magana.

Da likitoci suka cire masa bututun numfashi, muryarsa ta dawo kamar ana jan buhu a kan siminti. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta nuna masa labaran. Na shiga ina sa ran ko da ɗan kallon godiya. Ya juya fuska bango.

"Kin kunyata Yaya a gaban duniya."

"Gaskiya na faɗa, Baffa."

"Na san gaskiya ce. Ina wurin." Ya huta, ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Yanzu ina zan koma? Da wane hannu zan datse reshe? Ɗakin nan shi kaɗai na sani."

Na tsaya ina kallon hannayensa a naɗe kamar dami biyu na auduga.

"Wurina," na ce. "A birni."

"Ɗakin naki da in kin miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa?"

"Zan kwanta a ƙasa."

"Kin iya girki?"

"Ina dafa taliya."

"Na shiga uku," in ji shi, yana kallon silin. "Na tsira daga wuta."

Aka kawo kunun shinkafa. Ma'aikaciyar ta ce daga yau sai dai a ba shi a baki, har zuwa lokacin da ba wanda ya sani. Na jawo kujera, na ɗebo, na hura, na miƙa. Rabin cokalin ya zube a wuyansa. Ya rufe ido ya buɗe.

"Duk karatun nan, cokali ya gagare ki," in ji shi. "Goge. Sake ɗebowa, kaɗan-kaɗan."

Na goge. Na sake ɗebowa.